Tashar Ramsis ta Alƙahira, Daga Ƙarƙashin Ƙasa Zuwa Bakin Dogo

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa Alƙahira, ko don karatu a Azhar, ko neman magani, ko sarin kaya, sukan ratsa Dandalin Ramsis ne a gurguje, domin wuri ne da cunkosonsa da hayaniyarsa ke sa baƙo ya ƙagu ya bar shi. Ni kuwa tun kafin in bar gida na ƙudura cewa idan na je duba ɗan yayata da ke karatu a can, sai na ware lokaci na musamman na zagaya wannan dandali a tsanake, saboda a nan ne babbar tashar jirgin ƙasa ta Masar take, kuma a ƙarƙashinta akwai ɗaya daga cikin tashoshin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa a nahiyar Afirka baki ɗaya.

Daga unguwar Abbasiyya muka taso, kusa da masaukin ɗaliban ƙasashen waje na Azhar. Muka gangara ta wata matakala da aka kafa wa alamar jan harafin M, aka saka jakunkunanmu a na'urar bincike, sannan yaron ya sayo mana tikiti, ɗan ƙaramin kati mai baƙin layi a bayansa. Yana miƙo mini nawa ya ce, "Kawu, ka riƙe shi da kyau bayan ka wuce, domin sai da shi za a bar ka ka fita a can." Ya kuma nuna mini taragu biyu na tsakiya da aka keɓe wa mata, ya ce kada ganin sarari a cikinsu ya ja ni. Muka bi layi na uku zuwa Ataba, muka sauya zuwa layi na biyu, kuma tasha ɗaya kawai muka ƙara sai ga mu a Shuhada, wato tashar da ke ƙarƙashin Dandalin Ramsis.

Ba da wannan suna aka buɗe tashar ba. Tun daga 1987 har zuwa 2011 sunanta Mubarak, kuma tana ƙarshen jerin tashoshi biyar na ƙarƙashin ƙasa da aka raɗa wa sunayen manyan ƙasar: Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasir, Urabi, sannan Mubarak. Da zanga-zangar da ta ɓarke ranar 25 ga Janairun 2011 ta kai ga saukar Husni Mubarak daga mulki ranar 11 ga Fabrairu, fasinjoji ba su jira umarnin hukuma ba, suka riƙa kankare sunansa daga taswirar da ke manne a saman ƙofofin taragu, wasu na rubuta sunan da suke so da alƙalami. Daga baya kotu ta ba da umarnin cire sunansa daga gine-ginen gwamnati, aka mayar da tashar Shuhada don tunawa da waɗanda suka rasa rayukansu a wannan zanga-zanga. Har yanzu idan ka tambayi dattijo hanya, mai yiwuwa ya ce maka ka sauka a Ramsis, ya bar duka sunayen biyu.

Tashar tana da faɗi, amma a lokacin fita aiki faɗin ba ya isa. A nan layi na ɗaya da na biyu suke haɗuwa, saboda haka duk jirgin da ya tsaya sai ya juye ɗaruruwan mutane, wasu su nufi ɗaya layin, wasu su haura zuwa babbar tasha da buhunansu da akwatunansu a ka. Na ga wani matashi tsaye a jikin ƙofar tarago, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya riƙe da ƙaramin Alƙur'ani, leɓɓansa na motsi, ana ture shi ta dama da hagu amma bai ɗaga ido daga shafin ba. Nauyin da ke kan wannan tasha ya ninka a tsakanin Agustan 2013 da Yunin 2015, lokacin da hukuma ta rufe tashar Sadat da ke ƙarƙashin Dandalin Tahrir saboda dalilan tsaro, domin ita ce kaɗai sauran mahaɗar layukan biyu, kuma da aka rufe ta, duk mai son sauya layi ba shi da zaɓi sai ya zo Shuhada.

Abin da ya fi burge ni a labarin wannan jirgi shi ne yadda aka fara shi. Masu tsara shi ba su ce sai an yi komai sabo ba. Tun da daɗewa Alƙahira tana da layukan dogo biyu na bayan gari: ɗaya yana tasowa daga Halwan a kudu, wanda aka shimfiɗa tun shekarun 1870, ya tsaya a Babul Luƙ, ɗaya kuma yana tasowa daga Marj a arewa maso gabas ya tsaya a Kubril Laimun, daf da tashar Ramsis. Tsakanin ƙarshen wannan da ƙarshen wancan akwai tsakiyar birni, inda ma'aikaci zai sauka daga jirgi ya shiga turmutsitsin motocin bas kafin ya kai ga ɗaya jirgin. Da ƙwararrun Faransa suka yi nazarin sufurin birnin a shekarun 1970, shawarar da aka tsaya a kai ita ce a haƙa rami mai tsawon kilomita huɗu da 'yan kai a ƙarƙashin tsakiyar birnin, a ɗinke layukan biyu su zama ɗaya. An fara aikin a 1982 da rance da kamfanonin Faransa. Daga sama aka riƙa haƙawa, a buɗe titi, a gina bango da rufi, sannan a mayar da ƙasa, kuma aikin ya sha wahala ƙwarai saboda ruwa yana kusa a ƙasar da ke gefen Kogin Nilu, ga kuma tsofaffin bututun ruwa da wayoyi da aka riƙa cin karo da su a wuraren da ba a zata ba. Ranar 27 ga Satumban 1987 aka buɗe kashi na farko daga Halwan zuwa Ramsis, a 1989 kuma aka haɗe shi da layin Marj, layin ya kai kimanin kilomita 43. Da ɗan gajeren rami aka samar da dogon layi, kuma a ganina wannan shi ne hikimar aikin gaba ɗaya. Layi na biyu ya iso tashar a 1996 daga Shubral Khaima, shi kuwa da injin haƙa rami aka yi shi, har aka ratsa da shi ta ƙarƙashin Kogin Nilu zuwa Giza.

Hanyoyin fita daga tashar suna da yawa, kuma kowace tana fitar da mutum a wani gefe na dandalin. Da muka hauro, abin da ya fara tarbarmu shi ne ƙara: yaran mota suna kiran sunayen unguwanni da garuruwa, masu sayar da safa da cajar waya suna tallata kayansu da ƙananan lasifika, motoci kuma suna gudu a kan gadar sama ta 6 ga Oktoba wadda ta ratsa ta saman dandalin ta raba shi da sararin sama. A gefe ɗaya ga Masallacin Fatahu, wanda aka buɗe a 1990, da hasumiyarsa mai tsawon kimanin mita 130. Muka tsaya a wata rumfa muka sha ruwan rake da aka matse a gabanmu, ina ƙoƙarin in kwatanta a raina cewa inda muke tsaye a da bakin kogi ne.

Haka kuwa abin yake. A zamanin da Amru ɗan Asi ya shigo Masar a shekarar 640, akwai wani ƙauye a wannan yanki da ake kira Ummu Dunain, kuma Kogin Nilu ta gefensa yake wucewa. Daga baya wurin ya shahara da sunan Maƙas, ya zama mashigar jiragen ruwa ta Alƙahira inda ake karɓar kuɗin fito, har Faɗimiyyawa suka kafa wurin ƙera jiragen ruwa a nan. Salahuddin Ayyubi ya jawo ganuwar birni har zuwa wannan wuri. Sannu a hankali kogin ya riƙa janyewa yamma yana barin tudu, tashar jiragen ruwa ta koma Bulaƙ, amma wurin ya ci gaba da zama ƙofar shiga birni daga arewa, kuma da sunan ɗaya daga cikin ƙofofin nan, Babul Hadid, aka daɗe ana kiran dandalin. Saboda haka lokacin da jirgin ƙasa ya zo, ya tarar da wurin da matafiya suka saba sauka tun ƙarnuka da dama.

Buƙatar Birtaniya ce ta fi komai jawo dogo zuwa Masar. Kafin a haƙa mashigin ruwan Suwez, wasiƙu da matafiya masu zuwa Indiya sukan sauka a Iskandariyya, su biyo ruwa zuwa Alƙahira, sannan su keta hamada zuwa Suwez su hau wani jirgin ruwan a Bahar Maliya. Turawan Ingila suna son a rage wannan wahala, Faransawa kuwa sun fi son a haƙa mashigi. A 1851 Abbas na Farko, mai mulkin Masar, ya ƙulla yarjejeniya da injiniyan Ingila Robert Stephenson don shimfiɗa dogo daga Iskandariyya zuwa Alƙahira. Kashi na farko, zuwa Kafruz Zayyat, ya fara aiki a 1854, kuma a 1856 jirgi ya iso Alƙahira, tazarar da ta ɗan haura kilomita 200, aka gina tasha ta farko a Babul Hadid. Wannan shi ne dogo na farko a Afirka, shekaru 55 kafin jirgi ya shiga Kano a 1911. A farkon lamari babu gada a Kafruz Zayyat, sai a ɗora taragu a kan jirgin fito a tsallaka da su kogin. A 1858 wani tarago ya zame daga jirgin fiton ya faɗa ruwa, Yarima Ahmad Rif'at, wanda shi ne mai jiran gado, ya rasu a ciki, kuma ta haka ne gadon ya koma hannun ɗan'uwansa Isma'il, wanda daga baya ya sake fasalin Alƙahira. Bayan wannan hatsari aka kammala gada a wurin.

Ginin farko bai daɗe ba. A 1882, shekarar da sojojin Birtaniya suka mamaye Masar, albarusan da aka ajiye a tashar suka fashe, gobara ta tashi. Ginin da ke tsaye yanzu na farkon shekarun 1890 ne, kuma a daidai wannan lokaci aka gina gadar dogo ta Imbaba a kan Nilu, wadda ta ba jiragen kudu damar shigowa har cikin wannan tasha maimakon su tsaya a yammacin kogi. Daga nan ne tashar ta zama cibiyar ƙasar: dogon arewa zuwa Iskandariyya da garuruwan auduga, dogon kudu zuwa Asyuɗ da Luksor har Asuwan, inda layin ya kai a 1898.

Na daɗe tsaye a gaban ginin ina kallonsa. An yi shi da salon ginin Musulunci, ƙofofi da tagogi masu baka, an ƙawata fuskarsa da shuɗin tangaran wanda har yanzu yake sheƙi duk da ƙura da hayaƙi, ga hasumiyar agogo a gefe. Gini ne mai kamala, ba mai neman a kalle shi dole ba, kuma idan aka yi la'akari da cewa an yi shi ne a ƙarƙashin mamayar baƙi, abin lura ne yadda aka bar shi ya yi kama da birnin da yake ciki.

Filin da ke gabansa kuwa ya sha ganin sauyi, domin kowane zamani sai ya kafa abin da yake so matafiyi ya fara gani idan ya fito daga jirgi. A 1928 aka ƙaddamar da mutum-mutumin Nahdatu Misra na masassaƙi Mahmud Mukhtar a nan, wato siffar macen ƙauye tsaye tana yaye mayafi daga fuskarta, hannunta ɗaya a kan Abul Haulu (siffar nan mai jikin zaki da kan mutum), aikin da jama'a suka tara kuɗin somawa bayan boren 1919 na adawa da mamayar Birtaniya. A 1955, zamanin Jamal Abdun Nasir, aka ɗauke shi zuwa kusa da Jami'ar Alƙahira, aka kawo ƙaton mutum-mutumin Fir'auna Ramsis na Biyu daga ƙauyen Mit Rahina da ke kudu da Alƙahira, inda aka gano shi, tsawonsa mita 11, nauyinsa tan 83, an sassaƙa shi da jan dutse fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. Daga shi dandalin da tashar suka samo sunan da ake kiransu da shi yau. Ya yi shekaru 51 a wurin, hayaƙin motoci na cin jikinsa, girgizar jiragen ƙarƙashin ƙasa na taɓa gindinsa, gadar sama kuma ta kewaye shi har ba a ganinsa da kyau. Ranar 25 ga Agustan 2006 aka ɗauke shi a tsaye, aka tafi da shi a hankali cikin dare zuwa Giza, dubban mutane na kallo a bakin hanya, kuma yanzu yana cikin sabon babban gidan adana kayan tarihi da ke kusa da dalar Giza. Wannan ne ya sa na ce abin da masu mulki suka rataya wa wurin, suna ne ko mutum-mutumi, bai cika daɗewa ba, amma abin da aka gina don jigilar talaka, muddin ana kula da shi, yana nan yana aiki. Har ƙaramin jirgin lantarki mai bin tsakiyar titi, wanda ya fara yawo a Alƙahira a 1896 kuma ya daɗe yana haɗa wannan dandali da unguwar Misral Jadida, rashin kulawa ne ya kashe shi kafin a tumɓuke ƙarafunansa, ba rashin fasinja ba.

Cikin tashar ya sha bamban da wajenta. A gyaran da aka kammala a wajajen 2011 an shimfiɗa marmara, an saka na'urar sanyaya wuri da matakalai masu tafiya da lantarki, an yi wuraren cin abinci a bene, sannan aka ƙawata babban zauren da ginshiƙai masu siffar furen bado da wani ƙaton ado mai ruwan zinariya da ke saukowa daga rufi da tsininsa ƙasa. Masu kishin tsofaffin gine-gine a Masar sun soki wannan gyara, kuma ni ma ina tare da su a wani ɓangare, domin adon ya yi yawa, ya kuma rufe tsohon rufin ƙarfe da ya dace da fuskar ginin. Sai dai da na ga wata tsohuwa da jikokinta zaune a cikin sanyi suna jiran jirgin dare, na san cewa na'urar sanyaya wurin da matakalan ba ƙaramin amfani suke yi ba. Da an kawo sauƙin an bar zauren da kamanninsa, da an haɗa biyun.

A gefen ginin akwai gidan tarihin jirgin ƙasa, wanda aka buɗe a 1933 zamanin Sarki Fu'ad, lokacin da Alƙahira ta karɓi baƙuncin taron hukumomin jiragen ƙasa na duniya. Baƙi ba su cika shiga ba, ga shi kuwa a nan ne mutum zai ga abin da ya karanta da idonsa. Akwai wani kan jirgi mai aiki da tururi da aka tsaga gefensa don a ga tukunyarsa da bututun cikinta, akwai tsofaffin fitilun ba da hannu da na'urorin buga tikiti, da ƙananan samfuran gadoji da tashoshi. Wanda ya fi jan ido shi ne jirgin Sa'id Basha, mai mulkin Masar a lokacin, na 1862, ƙirar kamfanin Stephenson, wanda aka haɗa injinsa da ɗakin zama a jiki ɗaya, aka zane shi da ado kala-kala. Wani dattijo mai kula da wurin ya biyo mu yana bayani da Larabcin Masar, yana kirana "ya Hajji", ɗan yayata na mayar mini da abin da ya kuɓuce mini, kuma a muryarsa na ji yadda yake alfahari da waɗannan ƙarafa.

Daga nan muka wuce wajen dandamalan shiga jirgi, kuma na nemi a nuna mini na shida. A nan ne ranar 27 ga Fabrairun 2019 wani kan jirgi ya shigo a guje babu direba a cikinsa, ya daki shingen ƙarshen layi, tankin mansa ya fashe, wuta ta kama mutanen da ke tsaye suna jiran jirgi. Fiye da mutum 20 suka rasu, wasu da dama suka ƙone, kuma a ranar ministan sufuri Hisham Arafat ya ajiye aiki. Bincike ya nuna cewa direban ya sauka ne daga kan jirgin bai ja birki ba bayan ya gogi wani jirgin. Allah Ya ji ƙansu da rahama. An gyara wurin, kuma wanda bai san labarin ba ba zai ga wata alama ba, amma hatsarin ya tona abin da Misirawa suka daɗe suna kuka da shi, wato cewa an kashe kuɗi wajen ƙawata zaure alhali tsofaffin injina da tsarin ba da hannu da horon ma'aikata suna buƙatar kuɗin fiye da bango.

A dandamalan jiragen kudu na fi daɗewa, domin a nan ake ganin waɗanda tashar ta fi yi wa aiki. Mutanen Sa'id ne, wato kudancin Masar, da dogayen jallabiyoyinsu da rawuna, wasu leburorin gini ne da ke komawa gida da abin da suka tara, wasu ɗalibai ne, wasu kuma sababbin sojoji masu tafiya hutu. 'Yan dako na tura amalanke cike da kwalaye, mai shayi na zagayawa da kofuna a kan faranti, jirgi bai gama tsayawa ba samari sun fara cusa kaya ta taga don kama wa iyayensu kujera. Na zauna kusa da wani magidanci mai zuwa Suhaj, ya gutsuro gurasarsa ya miƙo mini tun kafin ya tambaye ni daga ina nake, da ya ji Nijeriya kuma sai ya tambaya ko mu ma muna da jirgi mai kwana a hanya.

Shi ne ya fara ambata mini Bashtil. Tashar Ramsis an gina ta ne don birnin da mutanensa ba su kai miliyan ɗaya ba, yau kuwa Alƙahira da kewayenta sun haura miliyan 20, kuma babu sauran filin da za a faɗaɗa ta, domin gidaje da tituna sun kewaye ta ta kowane gefe. Saboda haka gwamnati ta gina sabuwar babbar tasha a Bashtil, a yankin Giza da ke yammacin kogi, aka buɗe ta a Oktoban 2024 don ta ɗauke wa Ramsis wani kaso na jiragen kudu. Magidancin ya ce ginin yana da kyau, yana da sarari, amma shi Ramsis ya fi masa sauƙi, domin daga inda yake aiki a Halwan tikiti ɗaya zai saya ya shiga layi na ɗaya, ya sauka a Shuhada, ya hauro matakala da jakarsa, sai ga shi a bakin jirgin garinsu.